Taswirar da Hajiya ta yi wa gyara

A cikin mota aka yi mini tambayar da ta jawo duk wannan aiki. Mun fito daga dubiya, muka biyo ta Ƙofar 'Yandaka, sai na ce wa yarana huɗu abin da mahaifina ya taɓa ce mini a daidai wurin: ta nan Gwamna Lugga ya shigo Katsina a 1903. Ban sa ran wani zai tanka ba, don kowa ya duƙufa a kan waya. Sai babban, wanda yake aji biyu a babbar sakandare, ya ɗago kai ya ce, "Baba, mutum nawa suka mutu ranar?"

Na ce ba a yi faɗa ba. Labarin abin da ya sami Kano da Sakkwato ya riga Turawa isowa, Sarki Abubakar kuwa bai ja da su ba.

Ya yi jim, can ya ce, "To shi ne ake mana kirari da kunya gare mu ba dai tsoro ba?"

Uwarsu ta fashe da dariya har da hawaye. 'Yar Daura ce, ba abin da ya sha mata kai. Ni kuwa na rasa ta cewa, na ɓige da faɗan a ɗaga gilashi ƙura na shigowa.

Da dare abin ya ƙi barina. Yaron nan ba rashin kunya ya yi mini ba, iyakar saninsa ke nan. Ya san tankokin yaƙin Jamus ɗaya bayan ɗaya daga wasan da ke cikin wayarsa, amma ko sunan Burmi, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, bai taɓa ji ba. Ƙanwarsa ta zana dalar Masar a littafin makaranta har aka ba ta kyauta, amma Gobarau da muke wucewa kusan kullum ba ta taɓa taka matakalarta ba. Sai in ce laifin makaranta ne, to ni da na sani, na kai su? Kafin kiran assalatu na gama shawara da zuciyata: hutun Disamba, in Allah Ya kai mu, zan zuba su a mota su je su gani da idonsu. Ni akawu ne, tarihin da nake da shi na tsinta ne a bakin tsofaffi da 'yan littattafan da na tara tun ina saurayi. Abin da na iya sosai shi ne lissafi, don haka ta nan na fara.

Na ciro kalandar bara daga bango, na kife ta a kan tabarma, na ɗiga Katsina a tsakiya da biro. Layin farko yamma ya nufa, don can zuciyata take. Jibiya, Zurmi, Ƙauran Namoda, a gangara Gusau a leƙa Kwatarkwashi, inda Wazirin Kano Ahmadu ya ƙi juyawa ya fuskanci sojan Turawa a watan Fabrairun 1903 har ya kwanta dama. A dawo ta Shinkafi da Isa zuwa Sabon Birni, a ga kufan Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, ranar da aka kashe Sarki Yunfa. Daga nan Wurno, a yi wa Sarkin Musulmi Bello addu'a, sai Sakkwato: Hubbaren Shehu, da filin Giginya inda aka gwabza ran 15 ga Maris 1903, inda wasu bayin Allah suka tsaya a gindin tuta suka ƙi matsawa har aka ƙare da su. Sai Gudu da Tafkin Kwatto, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ja jama'a suka kori rundunar Gobir a watan Yunin 1804, wata huɗu kacal bayan hijira daga Ɗagel. A rufe da Surame. Kwana takwas na ba shi. Na zauna ina kallon zanen nan kamar na gina gida.

Hajiya ta fito alwala ta tarar da ni a kai. Mahaifiyata ba ta faɗin sunana, ɗan fari ne ni, sai dai "kai". Ta tsaya, ta gyara tabaronta, ta ɗora yatsa a kan layin.

"Kai, wanga layi ina ya bi?"

"Jibiya, Hajiya. Sai Zurmi, sai Ƙaura."

"Da wa?"

"Da yara."

"Da jikokina."

Ta miƙo hannu, na ba ta biro. Ta ja layi guda daga sama har ƙasa, ta yanke rabin takardar na yamma gaba ɗaya, ta miƙo mini abina. Ta ce, "Kana son ka kai su su ga inda aka yi yaƙi da. Can ai ba a gama ba." Ta ɗauki butarta ta wuce.

Ban yi musu ba, don na san gaskiya ta faɗa, kuma na san ta tun kafin in ɗauki biro. Duk wanda ke zaune a jihar nan ya san hanyoyin da ba a bi da iyali, ya san waɗanda ba a bi bayan la'asar, ya san garuruwan da in ka ce za ka sai an tambaye ka ko lafiya. Na dai yi wa kaina alkunya ne na mintoci, ina zane kamar shekarun da nake hidimar ƙasa a Sakkwato, lokacin da mutum zai hau mota a tashar Katsina da yamma ya yi barcinsa har a tashe shi a can.

A shekarar nan ta hidimar ƙasa na je Surame, sau ɗaya, a bayan babur ɗin wani malamin firamare daga Binji. Ita ce abin da ya fi yi mini zafi a cikin abin da Hajiya ta soke. Mu nan mun saba da ganuwar ƙasa, wadda damina ke ci kaɗan-kaɗan har ta koma tudu. Ta Surame da dutse Kanta ya gina ta, a ƙarni na 16, lokacin da Kabi ta ƙi Songhai ta ƙi Barno ta tsaya da ƙafarta. Kana tafiya cikin daji kawai sai ka ga bango ya tare ka, duwatsu an jera su ɗaya a kan ɗaya, itatuwa sun tsiro ta cikinsu sun tsattsaga su. Ba rufi, ba kowa, sai kukan kurciya. Wanda ya raka mu ya ce Nufawa da suka zo aikin gayya a makare, Kanta hana su ruwa ya yi, ya ce da man kaɗanya za su kwaɓa ƙasar ginin nasu. Na so 'yata mai zanen dalar Masar ta dafa wannan bango da tafin hannunta. Sai dai wani jiƙon, in Allah Ya kawo zaman lafiya.

Na juya gabas. Da na kwantar da hankali sai na ga ashe rabin da aka bar mini ma ya fi ƙarfin aljihuna.

Ranar farko ba za mu ma fita gari da wuri ba. Abin kunya ne ka kwashi yara zuwa Gombe alhali ba su san bayan gidansu ba. Za mu fara da Gobarau da sanyin safiya, su hau har sama su ga garin, in gaya musu tun zamanin Muhammadu Korau ake danganta ginin nan, masallaci ne kuma makaranta, daga baya ya zama wurin hango mahara. Sai tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta yaye su Sardauna da Tafawa Ɓalewa, yanzu gidan adana kayan tarihi ce. Ganuwa kuwa sai dai in nuna musu da baki. Muna yara mukan sami kwali mu zauna a kai mu sulalo daga samanta har ƙasa, mu koma gida wando a yage a ci duka. Wurin da muke wannan sululu yau shagon sayar da taya ne, na je na duba makon jiya. Masu gini sun kwashe ƙasar, masu fili sun shigo da katanga, ƙofofin ne kawai suka rage da sunayensu: Ƙaura, Guga, Sauri, Marusa, Durɓi, Ƙwaya. Ba Lugga ya rushe ta ba, mu muka yi da hannunmu, kwando-kwando.

Daga nan sai Durɓi ta Kusheyi, a ƙasar Mani, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Na riga na ja kunnen yara kada su sa rai da gini. Tuddai ne a cikin gonaki, wanda bai sani ba sai ya ɗauka jujin da ne. Amma a ƙarƙashinsu sarakunan farko na ƙasar nan suke kwance, tun kafin sarauta ta koma hannun Korau. Wani Bature, Palmer, ya haƙa a 1907, a farkon sarautar Dikko. A 1992 masana daga Jamus suka sake haƙa wasu, suka sami mutanen da aka binne da kayan ado: mundaye na hauren giwa, 'yan kunne na zinariya, wuri, da tasar ƙarfe da ta fito tun daga ƙasashen Larabawa. Wannan tasa nake so in tsaya a kai. Ina so su yi tunanin hannu nawa ta bi, raƙumi nawa ya ɗauke ta, kafin ta ƙetare Sahara ta zo ta kwanta a gefen wani basarake a nan kusa da Mani, shekaru ɗaruruwa kafin wani Bature ya san da mu.

Mu kwana Daura. A nan akwai matsala wadda ba ta cikin taswira. Gidan surukaina ne, kuma shekara goma sha takwas da aure ban taɓa kwana a cikinsa ba. Na ce zan kama ɗaki a masauki, uwargida ta ce in na yi haka mahaifinta zai ɗauka raini ne. An dai sasanta: su su kwana ciki, ni da babban mu kwana a shagon ƙanenta da ke ƙofar gida, in ci tuwona a can ba mai kallona.

Daura ita ce ta buɗe wata rigimar da ban zata ba. Na karanta wa uwargida abin da na shirya faɗa wa yara a kowane wuri. Rijiyar Kusugu ba gardama, kowa ya san macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da baƙon da ya sare kansa, da Daurama. Auta ma ya haddace, abin da ya dame shi kawai ko za a bar shi ya leƙa ciki. Amma da na zo kan jihadi, ina cewa "aka ci Daura", "aka ci Katsina", sai ta ajiye tsintar shinkafar da take yi.

"Baban yara, duk labarin naka na masu tuta ne. Waɗanda aka kora fa, ba su da baki?"

Ga yadda abin yake. Kakana na wajen uba yakan ce mutanenmu suna cikin waɗanda suka biyo Malam Ummarun Dallaje, mai tutar jihadi a Katsina, kuma da wannan alfahari aka raine mu. Ita kuwa gidansu tsofaffin Daurawa ne, kakarta ta wajen uwa kuma haifaffiyar Maraɗi ce. Da masu jihadi suka karɓi Katsina a 1807, Sarki Magajin Haladu ya fice zuwa Ɗankama, aka bi shi can aka sake fatattakar mutanensa, shi kuma ya faɗa rijiya. Ragowar su ne suka yi ta gararamba har suka kafu a Maraɗi a ƙarƙashin Ɗan Kasawa, kuma har gobe Sarkin Katsina ake kiran mai sarautar can. Sun shafe kusan ƙarnin nan gaba ɗaya suna kawo hari don su karɓi garinsu. Sunan Ɗan Baskore, ɗaya daga cikin sarakunan Maraɗin, a gidanmu da shi kakata ke tsorata yaro in ya ƙi barci. A gidansu uwargida kirari ake masa. Mutum ɗaya.

Ta ƙara mini da wadda ta fi wannan nauyi. Ta ce, "Kana ta shirin ka kai su Burmi su yi kukan abin da Turawa suka yi. To in sun tambaye ka wa ya maido da sarautar Daura gidansu Sarki Gwari Abdu bayan shekara kusan ɗari suna Zango da Ɓaure, me za ka ce?" Gaskiyarta. Turawan nan da suka harbe Sarkin Musulmi su ne suka dawo da Sarki Musa Daura. Su ne kuma a nan Katsina suka tuɓe Abubakar, suka tuɓe Yero, suka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko a 1906, wanda yau da sunansa ake wa garin kirari, ta Dikko ɗakin kara. Na fito neman amsa guda da zan rufe bakin ɗana da ita, ga shi tun ban tada mota ba ta rabu gida uku.

Mun kwana biyu muna ja. Na ce yara ne, kada a rikita su. Ta ce ai jinin duka biyun ke yawo a jikinsu, in za su rikice tuni sun rikice. A ƙarshe ita ta kawo ƙa'idar da muka tsaya a kai: duk inda muka je, wanda aka ci mutanensa a wurin shi zai fara ba da labari, ɗayan ya yi shiru sai ya gama. Daura tata ce. Ɗankama ma tata ce, ko da yake ba ta kan hanyarmu, mun ware mata wata Asabar daban, mu je da hantsi mu dawo kafin azahar. Burmi tawa ce. Na amince ne don na lissafa na ga ni ke da babban fili, sai daga baya na lura ita ke da na farko, kuma abin da yaro ya fara ji shi ke zama.

Daga Daura sai Kano ta Kazaure da Ɗambatta, kwana biyu a gidan ƙanena. Kano ba ta buƙatar dogon shiri. Dala da sassafe kafin rana ta yi zafi, Gidan Makama, sai Ƙofar Kabuga, inda sojan Kanar Morland suka fasa suka shiga ran 3 ga Fabrairu 1903, Sarki Alu yana can hanyar Sakkwato da manyan mayaƙansa. A nan zan gaya wa babban cewa ganuwar da aka fara tun zamanin Gijimasu, wadda ta gagari mahara shekaru aru-aru, ba ta yi wa igwa yini guda ba. In ya ji haka, wataƙila ya sassauta wa Sarki Abubakar. Mutumin da ya ji an fasa Kano da safe ɗaya, aka watsa Sakkwato kafin azahar, yana da mata da yara da tsofaffi cike da birni, me ake so ya yi? Ni dai ban iya ce masa matsoraci. Waziri Ahmadu ma ban iya ce masa mai ganganci. Wannan zan faɗa, yaron ya yi yadda ya ga dama da shi.

Wani abu da na gano ina bin layi da yatsa ya faranta mini rai fiye da kima. Hanyarmu ta Gombe ta bi ta Wudil ta ratsa Takai, hanyarmu ta komawa gida kuma ta bi ta ƙasar Kankiya, kusa da Tafashiya. Wato ba tare da na nufa ba, za mu taka mafarin yaƙin basasar Kano da ƙarshensa. Da aka naɗa Tukur a 1893, Yusufu da 'yan'uwansa, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi, suka fice suka yi sansani a Takai. Yusufu bai ga ƙarshen abin ba, ya rasu a hanya, Alu ya gaje shi ya shiga Kano a 1894, aka biyo Tukur har cikin ƙasar Katsina aka gama da shi a Tafashiya a 1895. 'Ya'yan wa da ƙane ne fa, kakansu ɗaya, Dabo. Garuruwa suka ƙone, aka kama 'ya'yan Musulmi aka sayar, shekara takwas bayan haka Turawa suka iso. A nan ƙa'idar uwargida ba ta aiki, don ba mu da kowa a ciki. Na ce ni zan ba da labarin, kuma zan ba da shi ne ina kallon mazan nan biyu da ba sa yini ba su yi dambe a kan caja ba.

Birnin Kudu hutun rabin hanya ne. Akwai zanen shanu a jikin duwatsu, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, jajaye, marasa tozo, ba irin shanun da muke gani yau ba. Akwai kuma duwatsun da in ka buga suke amo kamar ƙarfe. Wannan na Auta ne. Shekararsa shida, ba ruwansa da Attahiru, a ba shi abin bugu kawai.

Sai Burmi, wadda dominta aka yi tafiyar. Daga Gombe a kama hanyar Bajoga, a ƙaramar hukumar Funakaye. Bayan Giginya, Sarkin Musulmi Attahiru bai miƙa wuya ba, ya kama hanyar gabas da niyyar hijira, mutane suka yi ta barin gonakinsu da garuruwansu suna bin sa, sarakuna da malamai da talakawa, har abin ya tsorata Turawa. A watan Mayu suka taɓa Burmi aka kore su. Suka sake shiri suka dawo ran 27 ga Yuli 1903. Aka yini ana yi. Attahiru ya faɗi, ɗaruruwan mutane suka faɗi tare da shi, shi ma Manjo Marsh da ya jagoranci harin kibiya ta same shi bai kwana ba. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja waɗanda suka tsira suka ci gaba har Sudan, garin da suka kafa a bakin kogin Nilu yana nan da sunansa, jikokinsu suna jin Hausa da Fulatanci. Kabarin Attahiru da na Marsh duk suna filin. Can nake so in tsayar da babban, in ce masa ga amsar tambayarka ta Ƙofar 'Yandaka, ka ƙirga.

Tun yanzu ƙanwarsa ta riga ta jefo tata. Ta ce in mun yi wa Sarkin Musulmi addu'a, shi Baturen me za mu yi masa? Na ce za mu tsaya mu karanta abin da aka rubuta, mu wuce ba tare da mun taka ba. Ta ce, "Shi ma yana da 'ya'ya?" Na ce ta je ta tambayi uwarta ko an gama abinci.

Haɗeja ce muka rasa yadda za mu yi da ita. Nan ne gari na ƙarshe da ya tsaya wa Turawa a ƙasar Hausa, ran 25 ga Afrilu 1906, Sarki Muhammadu ya yi shahada a cikin birninsa tare da manyan fadawansa, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Ya cancanci a je. Amma ga lissafi. Katsina zuwa Daura, zuwa Kano, zuwa Gombe da Bajoga, a dawo gida, da 'yan kewaye-kewaye, ya tasam ma kilomita 1,500. Tsohuwar Sienna ɗina, in an cika ta da mutane da kaya, tana shan lita 12 a kilomita ɗari in ta ga dama. Lita 180 ke nan. Haɗeja daga Kano ta Gumel, zuwa da dawowa, ƙarin kusan kilomita 400 ne, lita hamsin, da kwana guda. Na buga a kalkuleta da farashin yau, na sake bugawa ko na yi kuskure, ban yi ba. Uwargida ta ce a bar Gombe a je Haɗeja, ya fi kusa, ga kifi mai araha ta yi tsaraba. Na ce kifi ba ya cikin manhaja. Ta ce shi ya sa ba a son tafiya da akawu. A takarda dai na zagaye Haɗeja da fensir, ba da biro ba.

Sauran shiri na hannu ne. Mota ta kwana uku a wurin bakanike: an canja tayoyin gaba, an wanke lagireto, an sa sabon bel, ya ce shokozoba na baya su ma sun gaji amma za su kai mu in ban yi gudu a rami ba. Takardun mota na sabunta su, na yi kwafi biyu, don shingayen hanya ba su san tarihi ba. Ba tuƙin dare, ko kusa. Duk inda la'asar ta same mu, a nan kusa za mu nemi makwanci, kuma kowace safiya sai na kira wani direban haya da na sani a tasha in ji yadda hanya ta kwana. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Uwargida ta ɗauki nauyin ciki: dambun nama, soyayyar miya a bokiti mai murfi, cincin, garin kwaki da ƙuli don ranar da aka rasa mai abinci, jarkar ruwa biyu, man shafawa saboda hunturu zai fasa wa yara leɓe. Ni kuma na tanadi goro da turare da ɗan abin da za a sa a ambulan, don kufai ko fili, kowanne yana da mai shi. Ba a faɗa wa wuri haka kawai da kyamara a hannu. Sai an yi sallama da dagaci ko mai unguwa, ya haɗa ka da dattijon da ya san inda kowane kabari yake, kuma abin da wannan dattijo zai faɗa a tsaye cikin minti ashirin ya fi duk abin da na kwafa a littafina.

Hajiya ma ta ba da nata sharuɗɗan, tana lissafawa da carbi a hannu. Ba a shiga kufai da rana tsaka, ba a kai magariba a ciki. A yi sallama kafin a shiga ko ba a ga kowa ba. Kada yaro ya ɗauko ko tsakuwa ya sa a aljihu, musamman Auta, a caje shi kafin a shiga mota. A filin da shahidai ke kwance ba dariya, ba hoton da ake tsuke baki. Wannan ta faɗe shi tana duban jikarta, ita kuma ta sunkuyar da kai. Na rubuta su duka a gefen taswira, a ɓangaren da ta soke, tunda fili ya samu.

Jiya da dare ina sake jera kujeru a takarda, wa zai zauna kusa da wa don a rage faɗa, sai ta leƙo ta ce a bar mata ta gaba. Na ce ai na ɗauka ba za ta ba, ga ciwon gwiwa. Ta ce iyakarta Daura, rabonta da Kusugu tun kafin a haife ni, kuma tana so ta ji da kunnenta abin da surukarta za ta gaya wa jikokinta a kan Malam Ummarun Dallaje. Uwargida tana tsakar gida tana jin mu, na ji ta tsaya da dakan da take yi. Yanzu mu bakwai ne a mota mai kujera bakwai, bokitin miya bai da wurin zama, kuma dole in nemo wanda zai maido da Hajiya Katsina ranar Lahadi kafin la'asar.